Mutanen da suka koyi gani da kunne a ƙarƙashin ruwa

Idan ɗan lakkol a Maraɗi ko Tawa ya ce yana son karatun injiniyan sauti na ƙarƙashin ruwa, uwaye da yawa dariya za su yi, su ce: mu da ba mu da teku? To, tarihin wannan sana'a ba a teku ya fara ba. A tabki ya fara, a ƙasar Suwizilan, wadda ita ma ba ta da gaɓar teku kamar Nijar.

A shekarar 1826, wasu samari biyu ƴan birnin Janeba, Daniel Colladon da Charles Sturm, suka ɗauri aniyar auna saurin sauti cikin ruwa. Aka sa kwalekwale biyu a kan tabkin Janeba, tsakaninsu fiye da kilomita 13. A ɗaya ana buga ƙararrawa a cikin ruwa, a lokaci guda kuma a kunna albarushi. A ɗayan, Colladon yana ganin hasken, ya fara ƙirga lokaci har ƙarar ta iso kunnensa ta wani bututu da ya tsoma a ruwa. Suka sami mita 1,435 a sakan guda, wato ya ninka saurin sauti a iska fiye da sau huɗu. Colladon bai kai shekara 25 ba a lokacin.

Wannan sani ya daɗe a kwance. Haka ma wani binciken na 1880, inda Pierre Curie da wansa Jacques suka gano a Faransa cewa dutsen kwarz, in an matse shi, yana ba da wutar lantarki. Daga baya aka tabbatar cewa in an sa masa wutar, shi ma yana motsawa. Shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya ga wani babban amfaninsa.

Masifa ce ta tayar da maganar. A watan Afrilun 1912 jirgin Titanic ya yi karo da tsaunin ƙanƙara, mutane kimanin 1,500 suka halaka. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen fatake ba a ganinsu. Haske ba ya nisa cikin ruwa, sai dai sauti. A 1915 wani injiniya ɗan Rasha, Constantin Chilowsky, ya kawo wa gwamnatin Faransa shawarar a yi amfani da amsa-kuwwa, aka damƙa aikin a hannun Paul Langevin.

Langevin ba ɗan masu hali ba ne. An haife shi a Paris a 1872, ya bi ta makarantun gwamnati na ƴaƴan talakawa har ya shiga makarantar kimiyya ta birnin, inda Pierre Curie ya koyar da shi. Da aikin ya cije, abin da ya gani a wurin malaminsa ne ya tuna. A 1917 ya yi amfani da kwarz ya aika da sauti mai siririn amo wanda kunnen mutum ba ya ji, kuma dutsen nan ne ke karɓar sautin idan ya dawo. A 1918, a gwaje-gwajen da aka yi a tashar Tulon, na'urar ta gano jirgin ƙarƙashin ruwa. Ita ce tushen abin da ake kira sonar yau.

Lissafinta bai fi ƙarfin ɗan kwalej ba. A teku sauti yana cin kimanin mita 1,500 a sakan. In ya je ya dawo cikin sakan 2, to zurfin wurin mita 1,500 ne, don an raba tafiyar gida biyu.

Langevin bai tsaya a ɗakin bincike ba. Ya shugabanci makarantar da ta koyar da shi, Jamusawa suka kama shi a 1940 saboda adawarsa da mulkin Nazi, kuma bayan an ƴantar da Faransa aka ba shi jagorancin kwamitin gyaran ilimi. Ya rasu a 1946, kafin a miƙa rahoton a 1947. Cikin abin da rahoton ya nema akwai karatu dole ga kowane yaro har shekara 18.

Yau masu wannan sana'a ne ke zana taswirar ƙasan teku, suna duba hanyar da za a shimfiɗa wayoyin intanet, suna auna zurfin koguna da madatsun ruwa. Kuma hoton ciki da ake yi wa mai juna biyu a asibiti, wanda muke ce wa eko, daga wannan hikimar ya samo asali.

Ƙofar shiga kuwa ba ta sauya ba: lissafi, kimiyyar lantarki, sanin kwamfuta, da malamin da ke barin yaro ya taɓa abu da hannunsa. Saboda haka, malam, in ka kai darasin sauti, fitar da yara gaban wani dogon bango su tafa hannu su saurari abin da zai dawo. Ku kuma uwaye, in yaro ya tambayi amfanin abin da yake koyo, kada a kashe masa gwiwa da cewa ba shi da amfani a nan. Dutsen Curie ya jira shekara 37 kafin ɗalibinsa ya nuna wa duniya aikinsa.