Latin, Tulu da Fiyano: Tarihin Gardamar Waƙa a Cocin Katolika

Yau za mu leƙa kudancin Kano, yankin Dangora, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, inda akwai ƙauyukan Hausawa Kiristoci, cikinsu har da ƴan Katolika. Tambayarmu ita ce: da wane harshe, da wane kiɗa ya kamata a yi waƙa a sujada?

Gardamar ta girmi kowa a cikinmu. Kiristocin farko na birnin Roma da Girkanci suke ibada. Sai wajajen ƙarni na 4 aka koma Latin, don shi ne yaren da mutanen gari suke ji. Kun ga ke nan, Latin ɗin ma ya taɓa zama sabon abu.

A 1903, Paparoma Pius na 10 ya fitar da doka: waƙoƙin Giregori, waɗanda ake rerawa da Latin da murya zalla, su ne abin koyi, kuma ya hana fiyano da ganga a coci. A ƙarƙashin wannan doka limaman mishan na SMA suka fara aiki a Sabon Garin Kano.

To, sai babban taron Batikan na biyu ya zo, daga 1962 zuwa 1965. Takardar da ya fitar a kan sujada ranar 4 ga Disamba, 1963 ta faɗi abu biyu. Ta ce a riƙe Latin, a ba waƙoƙin Giregori matsayi na gaba. Ta kuma buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ta ce a mutunta kiɗan gargajiyar ƙasashen mishan. Shi ya sa har gobe kowane ɓangare yake kafa hujja da takarda ɗaya.

A wurin Maguzawan da suka shiga coci, lamarin yana da nauyi na daban. Garaya da goge da ƙwarya kayan kiɗan bori ne a saninsu. Wanda ya bar bori, yaya zai ji in ya tarar da sautin a gaban bagadi? Amma kuma waƙar da ba ka san ma'anarta ba, yaya za ta shiga zuciya? Zumuntar Mata ta taka rawa sosai a nan: tulu, caki da tafi, jagora ta bayar, saura su amsa, da Hausa tsantsa. Wanda bai yi boko ba ma ya samu bakin yin addu'a.

Kano ta zama dayosis a 1999, kuma yanzu ga fiyanon lantarki da lasifika a hannun matasa. Abin lura, dattijon da yake cewa an ɓata tsohuwar waƙa, sau da yawa waƙar tulun nan yake nufi, wadda ita ma baƙuwa ce a jiya.

Roma kanta ba ta huta ba. Paparoma Benedict na 16 ya sassauta wa tsohuwar sujadar Latin a 2007, Paparoma Francis ya taƙaita ta a 2021.

Abin da ke cikin hatsari a ƙauyukanmu shi ne waƙoƙin da ke kan iyaye mata, waɗanda da yawansu ba a rubuce suke ba. In lasifika ta danne muryarsu, da su za su tafi.

Ku faɗa mana ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.