AMSAR TAMBAYA: Janwen Jirgin Ƙasa Mai Aiki Da Tururi, Da Masu Ƙera Irinsa 'Yan Ƙanana

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kaura Namoda. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoto mai motsi a waya, inda wani dattijon Bature ya sa ɗan mitsitsin jirgin ƙasa a kan teburi, yana juya wata 'yar ƙugiya tana ɗaga tarago. Tun daga ranar yaron ya rabu da motar kara, ya koma ƙoƙarin haɗa irin wannan ƙugiya da gwangwani da zare, har yana makara zuwa rumfa. Alhaji yana tambaya: shin akwai wannan inji da gaske, ko kuwa wasan yara ne kurum? Kuma ya hana yaron ne ko ya ƙyale shi?

To, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Injin nan akwai shi, kuma ya yi shekara fiye da ɗari yana aiki. Ka san janwe da ke zuwa ta janye babbar mota in ta faɗi a hanya? To wannan shi ne janwen jirgin ƙasa, sai dai shi ba ja yake yi ba, ɗagawa yake yi.

Bari mu faro daga tushe. A ƙasar Ingila aka fara jirgin ƙasa na haya mai aiki da tururi, a shekarar 1825. Kawunan jirage na lokacin ba su da nauyi sosai. Wani sananne da ake kira Rocket, na shekarar 1829, bai kai tan 5 ba. In irin wannan ya goce daga kan dogo, ƙarti ne za su taru da jak da katako da sanduna su mai da shi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai jirage suka yi ta girma. Wanda ake kira Flying Scotsman, na 1923, ya kusa tan 100 shi kaɗai. A Amurka kuwa an ƙera wani a 1941 wanda ya haura tan 500 in an haɗa da taragon kwal da ruwansa. Ka ga kuwa wannan ya fi ƙarfin kafaɗa.

Kuma ba batun nauyi ne kaɗai ba, har da lokaci. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da nake nufi. Mota in ta faɗi, sauran motoci sai su ratse ta gefe su wuce. Jirgin ƙasa ba ya ratse. Ka duba layin da ya iso Kano a 1911, ya yi ta kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku: yawancinsa layi ɗaya ne tal. Tarago guda in ya kwanta a kai, to na gaba da na baya duk sun tsaya, shanu na ramewa a cikin tarago, kaya na lalacewa. Haka abin yake a ko'ina cikin duniya, shi ya sa kamfanonin jiragen ƙasa suka matsu su sami abin da zai buɗe hanya da sauri.

Da farko ƙugiyar hannu aka yi, wadda mutane ke murɗawa. Daga baya aka sa mata tururi. Wani kamfanin Ingila mai suna Appleby Brothers ya nuna ƙugiyoyi masu tururi a bajen kolin birnin Faris a 1867. A Amurka, wani kamfani na garin Bay City a jihar Mishigan ya ƙera tasa ta aikin haɗari a 1883. Amma a Ingila sunaye biyu ne suka fi yin fice a wannan sana'a: Cowans Sheldon na garin Carlisle, wanda aka kafa a 1846, da Ransomes & Rapier na garin Ipswich, wanda aka kafa a 1869. Ƙarfin injin ya riƙa hawa kamar farashin gero da damina. Wajen 1890 da 'yan kai ana yin masu ɗaga tan 15. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi masu tan 45 da yawa, don tsoron ɓarnar bama-bamai a kan layuka. Farkon shekarun 1960 aka kai tan 75. Amurkawa su kuwa, da yake jiragensu ƙatti ne, sun kai har tan 250.

To yaya yake aiki? Manoman fadama sun riga kowa sanin sirrinsa, domin jigo ne. Ka tuna jigo: doguwar sanda, guga a gaba, curin laka a baya. In ba curin lakar nan, ba mai iya ɗaga gugan cikin sauƙi. Ƙugiyar jirgi ma haka take. Dogon wuyan ƙarfe a gaba, igiyar ƙarfe ta bi ta kansa ta sauko da ƙugiya. A baya kuma tukunyar tururi ce a tsaye, cike da ruwa, ana hura mata wutar kwal. Aikinta biyu: ita ke ba da tururin da ke tura fistin ya juya giya, kuma nauyinta na taimakawa wajen danne bayan injin, wato ita ce curin laka. Direba na tsaye a tsakiya da sandunan ƙarfe a gabansa. Wannan ta naɗe igiya, waccan ta ɗaga wuya ko ta sauke shi, wata ta juya jikin injin dama ko hagu, wata kuma ta sa shi ya ɗan gangara a kan dogo da kansa, tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba.

Ga inda haɗarin yake, a saurara da kyau. In an ce ƙugiya mai tan 45 ce, ba ko'ina take ɗaga tan 45 ba. Sai kayan na kusa da ita. Ka ɗauki tiyar gero ka rungume a ƙirji, ba komai. Ka miƙe hannu da ita, yanzu kafaɗa za ta gaya maka. In an ninka nisan kayan, abin da injin zai iya ɗauka ya ragu da rabi ko fiye. Kuma dogo ba shi da faɗi. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na Ingila ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Injin da ya tsaya a kan wannan ɗan siririn wuri ya juya gefe da kaya, ai kifewa zai yi. Don haka kafin a ɗaga komai sai an zaro wasu ƙarafa daga gefensa kamar ƙafafun gizo-gizo, a jera katako mai kauri a ƙarƙashinsu, a ɗaure. Sau da yawa wannan shirin ya fi ɗagawar kanta cin lokaci. In kan jirgin ya cika nauyi, ƙugiya biyu ake kawowa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, mutum guda ne kuma ke ba da umarni. Wanda ya yi gaggawa ya jawo haɗari na biyu a kan na farko.

Akwai wata matsalar kuma. Injin da zai ɗaga abu mai nauyi dole shi ma ya yi nauyi, ga shi kuwa ba kowace gada ce za ta ɗauke shi ba. Wani injiniyan Ransomes & Rapier mai suna Wilfrid Stokes ya samo dabara a farkon ƙarni na 20: a haɗa masa wasu ƙananan taragu gaba da baya su raba nauyin da shi in ana tafiya, in an isa wurin aiki a kwance su. Kamar dai yadda za ka raba buhu biyu ga jakai biyu maimakon ka labta wa guda. Shi kuma dogon wuyan, kwantar da shi ake yi a kan wani tarago na musamman don kada ya bugi gada. A bayansu akwai taragon kayan aiki da katako, da na ma'aikata inda suke dafa shayi su ɗan kishingiɗa. Mutanen nan ba su da dare ba su da rana. A haɗarin Harrow kusa da Landan, ranar 8 ga Oktoba 1952, jirage uku suka yi karo, mutum 112 suka rasu, kuma irin waɗannan ƙugiyoyi ne suka yi ta ɗage ɓaraguzan ƙarfe har aka buɗe hanya.

Abin mamaki, ƙugiyar ta fi jirgin daɗewa. Ingila ta daina jan jiragen haya da tururi a babban layinta a 1968, amma wasu ƙugiyoyin tururi sun ci gaba da aiki har cikin shekarun 1980, saboda ba kullum ake moran su ba, ba su tsufa da wuri. Abin da ya kashe kasuwarsu shi ne sai an jira ruwa ya tafasa, alhali injin dizal murɗa makulli ne kawai. Wasu aka cire musu tukunya aka sa dizal, wasu aka yanka aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, kaɗan kuma masu sha'awa suka saya suka adana.

To Alhaji, nan muka iso wurin dattijon da ka gani. Abin da yake yi ba irin motar kara ba ne da ake yi da ido. Da awo ake yi. Awon da ya fi yawa a Ingila shi ne 1 bisa 76, wato kowace ƙafa guda ta ainihin injin ta zama milimita 4. A Amurka da Jamus sun fi bin 1 bisa 87. Kamfanin Märklin na Jamus da Hornby na Ingila sun daɗe suna sayar da irin waɗannan jirage, kuma a 2019 kamfanin Bachmann ya fitar da kwaikwayon ƙugiyar nan mai tan 45, wadda wuyanta ke ɗagawa, jikinta na juyawa. Amma gwanaye na haƙiƙa da kansu suke yi. Su nemo zanen injiniyoyi na asali da tsofaffin hotuna, su je inda aka adana injin su auna, sa'an nan su yanka farantin tagulla ko roba su haɗa. Akwai injunan da aka narkar tuntuni, waɗanda in ban da hoto, sai a teburin irin mutanen nan kawai za ka ga siffarsu.

Kuma ƙugiya ta fi tarago wuyar kwaikwayo. Dalili kuwa, in ka rage tsawo sau 76, faɗi da tsayi ma sun ragu sau 76, don haka nauyi ya ragu sau dubu 400 da wani abu. Injin tan 100 sai ya dawo bai kai kwatan kilo ba. Sai ka ga 'yar ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta ja zare ya miƙe, zaren ya lanƙwashe ya harɗe. Dole mai ƙira ya sa wa ƙugiyar dalma, ya kuma ɓoye wani nauyi a baya. Ka ga ashe ya koma kan matsalar da ta dami manyan injiniyoyi.

Shawarata, Alhaji, kada ka hana shi. Na koyar a firamare kafin in zo gidan rediyo, na kuma ga yaran da lissafi ya gagara a allo amma suka gane shi a hannu. Ka yanka masa lokaci: rumfa da safe, ƙira bayan la'asar. Ka saya masa rula, ka kafa masa sharaɗi cewa komai da awo zai yi. Ya ɗauki rabin inci a madadin kowace ƙafa, wato 1 bisa 24. In tarago ƙafa 40 ne, nasa ya zama inci 20. In ya gama, ya rataya wa ƙugiyar dutse, ya riƙa matsar da shi gaba har ta kife, sa'an nan ka tambaye shi dalili. Ranar da ya iya ba ka amsa, to ka tabbata ba mai cutarsa a kan sikeli, kuma wa ya sani ko makanike ko injiniya kake reno.

Da fatan Alhaji ya gamsu. A gai da yaron, a ce muna jiran labarin yadda ta kaya. Sauran masu tambaya a yi haƙuri, wasiƙunku na nan a hannu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.