Gishiri, Tsatsa da Eriyar Loran

Tun kafin a san rediyo, ma'abota teku sun ɗanɗani illar haɗa ƙarafa biyu mabambanta cikin ruwan gishiri. A shekarar 1761 sojojin ruwan Ingila suka lulluɓe gindin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe domin tsare katakonsa daga tsutsar teku, amma da aka duba shi a 1763 sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfen da aka kafa fallayen da su sun narke, in ban da 'yan kaɗan waɗanda takardar naɗin fallayen ta maƙale a ƙarƙashin kawunansu ta raba su da jan ƙarfen. Wannan takarda, wadda ba wanda ya sa ta da niyya, ita ta bayyana sirrin mas'alar: matuƙar ƙarafan ba su taɓa juna ba, ɗaya ba ya cin ɗaya.

Bayan kusan ƙarni biyu wannan illa ta hau daga gindin jirgi zuwa ƙololuwarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙago Loran, hanyar sanin matsayin jirgi ba da hisabin taurari ba, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1950 aka kyautata ta aka kira ta Loran-C. Uwar tasha da 'ya'yanta suna aiko da sigina daga gaɓa, na'urar jirgi tana auna ratar lokacin isowarsu, daga nan ta fitar da inda ake. Da yake tsawon igiyar siginar ya kai kilomita 3, alhali eriyar ƙaramin jirgi bulala ce da ba ta wuce ƙafa 8 ba, ya zama wajibi a ɗaura ta da noti a kan wani ɗan gwangwani, wato mahaɗi, wanda ke ƙarfafa abin da ta tsinto kafin ya gangara cikin waya. Bulalar araha gare ta, mahaɗin kuwa shi ne dukiyar, kuma daidai inda suka gamu feshin teku ke kwana shekara da shekaru, har tsatsa ta kumbura ta cika haƙoran notin.

A nan ake gane gwanin bakanike. Yakan fara wanke wurin da ruwan daɗi, ya ɗiga man da ke ratsa tsatsa, ya tafi harkarsa, gobe ya ƙara, jibi ma haka. Sa'an nan ya zo da sifana biyu, ɗaya ta riƙe wuyan ƙarfen mahaɗin kada ya motsa ko kaɗan, ɗayar ta juya gindin bulalar, ya ɗan ƙara ɗaurewa tukuna, ya ɗan sassauta, yana kai da komo har ta amsa. Wanda ya rungumi jikin gwangwanin da hannu ya murɗa, lalle ya tsinke wayar da ke ciki, kuma ba zai sani ba sai ya nisa da gaɓa. Wuta mai harshe haramun ce a wannan aiki, domin tana ƙona abin da ake son ceto. Iyakar abin da aka yarda da shi ruwan zafi ne. In duk dabara ta ƙare, sai a sadaukar da bulalar, a yanke ta, a tsaga gindinta da zarto a tsaye ba tare da an taɓa haƙoran mahaɗin ba, a ɓare shi kamar kwasfa. Sabuwar kuwa ba a ɗaura ta sai an shafe haƙoran da giris, wanda a ganina jikan takardar nan ta Alarm ne.

Ranar 8 ga Fabrairu 2010 Amurka ta kashe yawancin tasoshinta na Loran-C, saboda taurarin ɗan'adam na GPS sun karɓe aikin. Masu jirage da yawa ba su ko nemi sifana ba. Suka bar bulala da mahaɗinta a manne, suka kafa sabuwar eriya a gefe.