TARIHIN GADAR KENEDI TA BIRNIN YAMAI

 A wannan fitowa za mu ba da tarihin wata aba wadda kusan duk wanda ya taɓa zuwa Yamai daga garinmu ya taka ta, ko a ƙasa ko cikin mota, watau Gadar Kenedi. Yaranmu na yanzu sun tashi sun tarar da ita, suna tsammani da ma can tana nan tamkar kogin kansa. To, ba haka ba ne.

Lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi Yamai a shekara ta 1926, garin yana gefen hagu na Kogin Kwara ne, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Ɗaya gefen kuwa, wanda ake kira Harobanda, watau bayan ruwa, ƙauyuka ne kamar Lamorde, sai gonaki da makiyaya. Mai son ƙetarewa sai ya shiga kwalekwale, mota kuwa sai ta jira jirgin fito. In jirgi ya lalace, ko dare ya yi, kwana ya kama matafiyi a bakin ruwa. Mai shanu yana fargabar ruwa, mai kwalekwale yana fargabar dorina, mai marar lafiya yana kallon asibiti daga nesa ba halin isa. Hanyar Say da ta Torodi, wadda ta zarce har Wagadugu, duk a bakin nan suke tsinkewa. Haka aka karɓi mulkin kai a 1960, babban birnin ƙasa ba shi da gada ko ɗaya.

Gwamnatin Jori Hamani ta nemi taimako, ƙasar Amurka ta ba da kuɗin aikin, aka gama aka buɗe gada a shekara ta 1970. Aka sa mata sunan shugaban Amurka, Jon Kenedi, wanda aka harbe a birnin Dalas ran 22 ga watan Nuwamba 1963. Tsawonta ya haura mita 700. Tana da hanyar mota biyu, ta zuwa da ta komowa, da wurin masu tafiya ƙasa a gefe da gefe.

Wasu daga cikinmu da suka ga hotunan manyan gadojin ƙasashen waje sukan tambaya, me ya sa tamu ba ta da dogayen hasumiyoyi da igiyoyi irin nasu? Tambayar tana da kyau, kuma amsarta tana cikin halin kogin namu.

Waccan irin, ita ce gada mai rataya. Ana gina hasumiya biyu dogaye, a ɗora musu manyan igiyoyin ƙarfe guda biyu daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar yadda mace ke ɗaure igiyar shanya tsakanin itace biyu. Daga jikin manyan igiyoyin nan ake sauko da ƙanana, su ne ke riƙe da hanyar da motoci ke bi. Nauyin hanya yana jan igiya, igiya tana danna hasumiya ƙasa, bakin igiyar kuma an binne shi cikin ƙaton dutsen siminti a kowace gaɓa don kada ya fizge. Babbar igiyar ba a ƙera ta a kawo a ɗora, gama ba abin da zai iya ɗaga ta. Siririyar waya ake ja, a kai a komo, sau dubbai, sa'an nan a matse su wuri ɗaya a naɗe. Gadar Golden Get ta Sanfaransisko, wadda aka buɗe a 1937, kowace igiyarta waya 27,572 ce a haɗe, tsakanin hasumiyoyinta kuwa mita 1,280 ne ba ginshiƙi ko ɗaya. A nan Afirka ma akwai ta Matadi a kan Kogin Kwango, wadda mutanen Japan suka gina aka buɗe a 1983, mai tazarar mita 520.

Ana shan wannan wahala da tsada ne inda ruwa ya yi zurfi ƙwarai, ko yana da ƙarfin da ba za a iya kafa ginshiƙi a tsakiyarsa ba, ko kuwa inda manyan jiragen teku ke wucewa. A Yamai ba ko ɗaya cikin ukun nan. Kogin yana da faɗi amma ba shi da zurfi, kuma da bazara, wajen watan Mayu da Yuni, yakan janye har yashi da duwatsu su bayyana. A watan Yuni na 1985 ma, bayan babban fari, ruwan ya daina gudu ɗungum a Yamai. Saboda haka injiniyoyi suka zaɓi abin da ya dace da wurin: jerin ginshiƙan siminti a cikin kogi, da dogayen azarori a kansu, kamar yadda magini ke jera azara a kan bango kafin ya yi rufin soro.

Kada a ɗauka wannan aikin wasa ne. Mai kafa ginshiƙi a cikin kogi sai ya killace wurin, ya zuƙe ruwan da inji, ya haƙa har ya wuce laka da yashi ya sami ƙasa mai ƙarfi, kana ya ɗaura rodi ya zuba siminti. In tushen bai yi nisa ba, ruwa yakan yi ta cin yashin gindinsa a hankali har ginshiƙi ya karkace. Sai kuma lissafin cikar kogi, domin sau biyu yake kawowa a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorwal ke kawowa daga yamma. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke yin watanni a hanya, ya ratso Mali, ya iso mana cikin sanyin hunturu. Dole gada ta fi ƙarfin su duka biyu. Har zafin rana ma sai an yi masa tanadi, gama siminti da ƙarfe sukan miƙe da zafi su tsuke da sanyi. Shi ya sa aka bar ƴan tsagogi a kan hanya, su ne mota ke yi wa ƙwas-ƙwas in tana wucewa.

Da gada ta samu, sai Harobanda ta farka. Aka kafa makarantar ilmi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, ita ce ta yanzu mai sunan Abdu Mumuni, a can ƙetare take. Cibiyar binciken yanayi da noma ta ƙasashen Sahel, mai suna Agrimet, ita ma can aka kafa ta a 1974. Unguwanni suka tsiro inda dā ake noma. Kowace safiya sai ka ga raƙuma da kaya, da amalanken jakai, da kamiyo, da ƴan makaranta, duk suna cinkoso a kan hanya ɗaya.

A kan gadar nan ne kuma aka zubar da jinin da ya juya tarihin ƙasa. Ran Jumma'a 9 ga watan Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai suka fito daga jami'a suna zanga-zanga a kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilmi. Ba su da wata hanyar shiga gari sai gada. Nan jami'an tsaro suka tare su, aka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 3 suka mutu, da yawa suka ji rauni. Fushin wannan rana bai kwanta ba sai da aka yarda da jam'iyyu da yawa, aka kuma zauna babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Har yau ɗalibai suna tunawa da ranar kowace shekara.

Shekara 40 gadar nan tana ɗauke da nauyin birnin ita kaɗai. Sai a 2011 aka buɗe ta biyu, wadda ƙasar Sin ta gina, ta uku kuma mai sunan Janar Saini Kunce a 2021. Amma kogi bai bar nuna halinsa ba. A damina ta 2012, da kuma ta 2020, ya cika ya tumbatsa, ya rushe gidaje masu yawa a unguwannin bakin ruwa, har da na Harobanda. Gada ta tsaya, domin an yi mata lissafin ruwa. Gidajen da aka gina a cikin fadama ba a yi musu ba.

Wannan shi ne abin da muke so ƴan uwanmu mazauna Yamai su riƙe. Wanda zai sayi fili a ƙetare don ya ga araha, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa kafin ya biya kuɗi. Ba a fafa gora ranar tafiya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a kan gadar nan da waɗanda kogi ya ci kafin a gina ta. Sai fitowa ta gaba.