Robar fitsari: matsalolin da take kawowa idan ta daɗe a jiki

Robar fitsari, wadda malaman asibiti a Nijar ke kira sonde, siririn bututu ne da ake zurawa har cikin mafitsara domin fitsari ya samu hanyar fita. An fi sa ta ga tsofaffin da kumburin furostat ya tsare wa fitsari, da matan da suka yi doguwar naƙuda, da waɗanda aka yi wa aikin yoyon fitsari. Irin wadda aka saba gani ana kiranta Foley, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta wajen shekarun 1930. A bakinta akwai ƴar balan-balan da ake cikawa da ruwa mai tsabta, kamar mililita 10, don kada ta zame.

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi yawa ita ce toshewa. Wasu ƙwayoyin cuta, musamman Proteus mirabilis, suna sauya yanayin fitsari har gishirin cikinsa ya daskare kamar tsakuwa ya cike bututun. Gudan jini ma yana toshe shi, haka idan ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ko aka ɗaga jakar fitsarin sama da mara. Alamar ita ce jaka ta tsaya ba ta cika, mara ta kumbura tana ciwo, ko fitsari ya riƙa zuba ta gefen robar. A wuri mai zafi kamar Gure, inda mutum ke yawan zufa, ƙarancin shan ruwa yana sa fitsari ya yi kauri, toshewar ta zo da wuri. Wani lokaci kuma balan-balan ɗin ke ƙin sacewa. Jan robar da ƙarfi a wannan hali yana yaga hanyar fitsari, kuma tabon na iya tsuke ta daga baya.

Roba ta yau da kullum ana sauya ta cikin ƴan makonni, ta silikon kuwa tana iya kai mako 12. Bayan aikin yoyon fitsari mara wahala, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 a bar ta kwana 7 zuwa 10.

Akwai wata kuma da ba a gani daga waje, mai suna JJ saboda kawunanta biyu a naɗe suke. Ita ana ajiye ta tsakanin ƙoda da mafitsara, galibi bayan aikin tsakuwar ƙoda. Haɗarinta mantuwa: ciwo ya lafa, majinyaci ya koma gona ko kiwo, ya ɗauka magani ya ƙare. Yawancinsu ana cirewa ko a sauya cikin wata 3 zuwa 6. Idan ta wuce lokacinta tana iya gocewa, ta karye, ko tsakuwa ta lulluɓe ta har ta lalata ƙoda.

Sauya robar Foley aiki ne da ake yi a asibitin gundumar Gure. Cire JJ kuwa yana buƙatar na'urar leƙa mafitsara da likitan hanyar fitsari, abin da ke kai majinyaci babban asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 160. Shi ya sa ake so a rubuta wa majinyaci ranar sawa da ranar cirewa a katinsa, wani a gida ma ya san da su. Zazzaɓi mai rawar jiki, ciwon kwiɓi, ko tsayawar fitsari na tsawon sa'o'i ba a jira da su sai ranar kasuwa.