Yadda Kaktus Ya Bar Gida Ya Zaga Duniya

Babu kaktus ko ɗaya da asalinsa Sahara ne, duk da yadda masu zane da masu shirya finafinai suka saba jera shi kusa da raƙumi. Dangin wannan tsiro mai ƙaya, waɗanda suka haura iri 1,500, 'yan nahiyar Amurka ne, tun daga Kanada har can ƙurewar Ajantina. Iri ɗaya tak, wanda masana ke kira Rhipsalis baccifera, aka tarar yana fitowa da kansa a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka, ana kuma kyautata zaton tsuntsaye ne suka kai irinsa. Ƙerana da tinya da muka sani a ƙasar Hausa, da shingayen da suka kewaye wasu ƙauyukan tsaunin Jos, kama ce kawai, dangi daban ne. In ka karya reshen ƙerana za ka ga farin ruwa mai ƙuna yana ɗiga, wanda ke iya lahanta ido. Galibin kaktus ba su da wannan.

A Meksiko labarin ya soma. Dubban shekaru mutanen can suka yi suna cin nofal, wato kaktus mai faffaɗan rassa da ke hawa kan juna. Sukan kankare ƙayar, su yayyanka ɗanyen reshen, su gasa ko su dafa, sai ya yi yauƙi kamar kuɓewa. 'Ya'yansa kuwa zaƙi gare su, ga ruwa. Al'ummar Aztek sun ce sun kafa birninsu na Tenochtitlan a 1325 a daidai inda suka ga gaggafa ta sauka kan nofal, kuma wannan hoton ne ke tsakiyar tutar Meksiko har yau.

Amma ba daɗin nofal ne ya fara ba shi daraja a idon Turawa ba. Wani ɗan ƙwaro ne da ke rayuwa a jikinsa, kocinil. Macen ƙwaron takan maƙale wuri ɗaya tana tsotson ruwan reshen, lulluɓe da wani farin gari mai danƙo. Ka murƙushe ta tsakanin yatsu, sai hannunka ya rine ja wur. Manoman yankin Oaxaca kan bi rassan ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓo ƙwarin da jelar barewa, su shanya su su bushe. Sai an tara ƙwaro wajen 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1521 suka ga wannan rini, sai suka gane sun tsinci dami a kala, domin marinan Turai ba su da jan da ya kama ƙafarsa. A wancan zamani, banda azurfa, ba abin da ke fita daga Meksiko da ya kai kocinil kawo kuɗi. Sifaniya ta riƙe cinikin gam, ta ɓoye sirrinsa, har masanan Turai suka daɗe suna gardama kan ko busasshen abin nan ƙwayar tsiro ce ko ƙwaro. A 1777 wani Bafaranshe, Thiéry de Menonville, ya shiga Oaxaca da sunan neman tsirran magani, ya sato rassan nofal da ƙwarinsu ya tsallaka da su ƙasar da yau ake kira Haiti.

Shi kansa tsiron ya riga ya yi nisa. Tun ƙarni na 16 jiragen ruwa suka sauke shi a Sifaniya, daga nan ya bi gaɓar Bahar Rum zuwa Italiya da Maroko da Tunisiya da Masar, daga baya ya isa tsaunukan Habasha. Bai bukaci a lallashe shi ba. Reshe ɗaya ya faɗi ƙasa, sai ya yi saiwa. Talakan manomi ya samu shinge kyauta, da abin ba dabbobi a lokacin fari, da 'ya'yan da za a kai kasuwa. Ko da rinin kanti ya bayyana bayan 1856 ya karya kasuwar kocinil, nofal ya riga ya zama ɗan gari a nahiyoyi uku.

Wannan sauƙin kamu shi ne ya zame wa Ostireliya bala'i. Jiragen farko da suka kai Turawan Ingila can a 1788 sun tsaya a Birazil sun ɗauki nofal da kocinil, da niyyar samar da jan rini. Wannan yunƙuri bai je ko'ina ba. Wani iri da aka shigo da shi daga baya, don shinge da ado, shi ne ya ƙwace. Ya tarar da ƙasa mai faɗi, da tsuntsaye masu baza irinsa, ba kuma ko ɗaya daga cikin ƙwarin da ke cin sa a gida. Zuwa 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales. A wasu wurare ya yi cunkoson da ko doki ba ya iya ratsawa. An sare, an ƙone, an zuba guba, kuɗin aikin ya fi darajar gonar, iyalai suka tattara kayansu suka bar filayensu.

Hukumar da gwamnati ta kafa a 1920 ta yi abin da ya kamata a yi tun farko: ta tura masana su koma gidan tsiron su dubo abin da ke hana shi sakewa a can. A Ajantina suka samo wani ɗan malam-buɗe-littafi, Cactoblastis, wanda tsutsarsa ke huda reshe ta cinye shi daga ciki. An kawo ƙwayayensa a 1925, aka sake su a 1926, cikin 'yan shekaru kurmin ƙayar ya ruɓe ya zube. Mutanen Boonarga, kusa da garin Chinchilla, har zauren taro suka gina suka sa masa sunan ƙwaron. Sai dai ni ban cika son a tsaya nan a yi tafi ba. A kudancin Madagaska, inda makiyaya suka dogara da nofal don ruwa da abincin shanu, wani nau'in kocinil da ya ɓulla cikin shekarun 1920 ya share tsiron kakaf, yunwa ta biyo baya, mutane da dabbobi suka mutu. Shi ma Cactoblastis, da aka kai shi tsibiran Karebiyan, ya tsallaka Fulorida a 1989 ya far wa kaktus na asali.

Ta wani ɓangaren kuma akwai masu kiwon kaktus don sha'awa. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya san iri 22 kacal, ya tara su ƙarƙashin suna ɗaya. Zuwa ƙarni na 19 masu hannu da shuni a Ingila da Jamus da Faransa sun shiga gasar tara su a ɗakunan gilashi, kuma sannu a hankali, bayan asara mai yawa, aka fahimci cewa ba halinsu ɗaya ba. Na hamada saiwarsa ba ta nitsewa, bazuwa take yi kusa da saman ƙasa don ta kwashe ruwan sama kafin ya ƙafe. Da rana yakan rufe ƙofofin numfashinsa, sai dare ya buɗe su, don kada zafi ya zuƙe masa ruwa. Abin da yake so ke nan a tukunya: ƙasa mai yashi da tsakuwa, huda a gindi, rana sosai, a jiƙa shi sharkaf sannan a ƙyale shi har ƙasar ta bushe ƙarau. Yawan ban-ruwa ya fi ƙishirwa kashe shi. In za a dasa reshe, a bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki tukuna, in ba haka ba ruɓewa zai yi.

Na kurmi kuwa wani abu ne daban. Wanda Turawa ke dangantawa da Kirsimeti, Schlumbergera, daga tsaunukan kudu maso gabashin Birazil ya fito, inda yake maƙalewa jikin itatuwa cikin inuwa da raɓa. Ka ajiye shi a rana tsaka cikin yashi, ka gama da shi. Ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace yake so, da danshi, kuma sai dare ya yi tsawo yake fure, shi ya sa yake buɗewa a ƙarshen shekara a Turai amma wajen watan Mayu a gidansu. Ɗan'uwansa mai hawa itace, wanda furensa ke buɗewa dare ɗaya, shi ke haifar pitaya, jan ɗan itacen nan mai farar tsoka da baƙaƙen ƙwayoyi, wanda Faransawa suka kai Biyetnam har ya zama babbar sana'a a can.

Sha'awar ta zo da nata ɓarnar. Wasu ƙananan kaktus na hamada kan yi shekaru masu yawa kafin su kai girman dunƙulen hannu, masu tarawa kuma sun fi son tsohon da aka tono daga daji. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, amma wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na irinsu na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tonon sata na cikin manyan dalilai. A 2020 jami'an Italiya sun kama kaktus sama da 1,000 da aka sato daga hamadar Atacama ta ƙasar Cile, aka mayar da mafi yawansu gida a shekarar da ta biyo. Kusan dukkan waɗannan ire-iren ana iya tsirar da su daga ƙwaya a gandun reno, kuma wanda aka rena a tukunya ya fi wanda aka tono jure zaman gida.