Montessori: Wace Ce Mai Sunan Da Muke Gani A Allon Makarantun 'Ya'yanmu?



Duk wanda ke zaune a nan Kudu, ko Legas ko Ibadan ko Fatakwal, ya saba ganin wannan suna a jikin allon makarantun kuɗi na ƙananan yara: Montessori. Wasunmu sun ɗauka sunan mai makarantar ne, wasu kuma sun zaci wata kalmar Turanci ce mai nufin makarantar masu hali. Tunda kuɗinmu muke biya kowane zango, kuma 'ya'yanmu muke miƙawa, ya kamata mu san asalin abin.

Maria Montessori mace ce 'yar ƙasar Italiya. An haife ta a shekarar 1870 a garin Chiaravalle, ta gama karatun likita a jami'ar birnin Rum a 1896, tana cikin matan farko da suka zama likitoci a ƙasar. Aikinta na farko ya haɗa ta da yara masu taɓin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake ajiyewa a ɗaki babu komai a cikinsa. Mai kula da su ta yi mata ƙorafin cewa bayan cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi. Ita kuwa ta lura cewa ba haɗama ba ce, hannunsu ne ke neman abin taɓawa. Ta nazarci ayyukan wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Seguin, ta ƙera wa yaran kayan koyo na taɓawa da jerawa. Daga baya wasu cikinsu suka ci jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya. Ana ta yaba mata, ita kuma tana tambayar kanta: me ake yi wa masu lafiyar a makaranta har waɗannan suka kamo su?

Dama ta samu a unguwar San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Wani kamfani ya gyara gidajen haya a wurin, amma iyaye kan fita neman abinci tun safe su bar ƙanana suna ɓata bango da matakala. Masu gidajen suka ga gara a tara yaran a ɗaki guda da a riƙa kashe kuɗin gyara. Ranar 6 ga Janairu 1907 aka buɗe ajin da yara wajen hamsin, aka sa masa suna Casa dei Bambini, wato Gidan Yara. Mu lura da wannan: tsarin da yau ake tsawwala wa kuɗi, a cikin 'ya'yan leburori masu zaman haya ya fara.

Abin da ta fi yi a ajin shi ne zama tana kallo. Wata rana malamar ajin ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan koyo ba, yara suka buɗe kowa ya ɗauki nasa. Malamar ta kira abin sata. Montessori ta ga yaran sun iya zaɓa wa kansu aiki ne, sai ta sa aka sauko da kayan kan kantoci daidai tsayin yaro. Ta kawo ƙananan tebura da kujerun da yaro zai iya ɗauka da kansa. Ta koya musu wanke hannu, shara, zuba ruwa ba tare da zubarwa ba, da ɗaura maɓalli.

Akwai wani katako mai ramuka, kowane rami da ɗan gungumen da ya yi daidai da shi. Idan yaro ya sa ba daidai ba, a ƙarshe zai ga guda ya rage a hannunsa, ya gyara da kansa ba sai an yi masa tsawa ba. Ta ga wata yarinya 'yar kimanin shekara uku ta maimaita wannan aiki fiye da sau arba'in, sauran yara na waƙa a gefenta ba ta ko ɗago kai ba. Haruffa kuma ta yanka su daga takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita, yaro na bin harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Ta haka 'yan shekara huɗu da biyar suka fara rubutu, har labari ya kai jaridu.

Ta fitar da littafinta a 1909, aka fassara shi zuwa Turanci a 1912. Amurka ta karɓe ta hannu bibbiyu, amma a 1914 wani malamin jami'a mai suna Kilpatrick ya rubuta suka a kan tsarin, ya dushe a can har wajen 1960. A gida, Mussolini ya fara goya mata baya, daga baya suka ɓata, don mai mulkin kama-karya ba ya son yaron da ya saba tunani da kansa. Ta bar Italiya a 1934. A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsare ta a can har 1946. Ta rasu a ƙasar Holan a 1952.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a allonsa. Akwai masu bin tsarin da gaske, akwai waɗanda fenti kawai suka saya. Gani ya kori ji. Kafin mu biya, mu roƙi izinin zama a ajin ko na rabin awa. Shin kayan koyo na inda hannun yaro zai kai? Shin 'yan shekara uku zuwa shida suna haɗe, babba na taimakon ƙarami? Ana barin yaro ya gama abin da ya fara? Ko kuwa malama ce tsaye da bulala ana ta maimaita ABCD da ƙarfi?

Kada kuma mu ɗauka tsarin sakaci ne. Yaro yana da zaɓi, amma ba ya ƙwace kayan wani, kuma dole ya mayar da abin da ya ɗauka mazauninsa. Wani ɓangaren ma ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a jan mai sauri baya, manya kuma na biya wa ƙanana. Yarinyar da ke dafa tuwon ƙasa a gwangwani da yaron da ke ƙera motar kara, babu wanda ya sa su, amma koyo suke yi.

Mu iyaye ma muna da namu laifin. Mu ne ke zuwa wurin shugaban makaranta muna faɗa don ba a ba ɗan shekara uku aikin gida ba, mu ne masu tambayar "na nawa ya zo?" Makaranta kuwa abin da mai biya ke so take sayarwa. Idan yaro ya nace zai sa takalminsa da kansa, ko zai taya uwarsa tsince wake, mu ba shi lokaci ko da zai ɓata mana 'yan mintuna. Wannan kam ba ya buƙatar ko kwabo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi musu albarka.